Idan Laftof Ta Ƙi Jin Makirfon Iyafis: Daga Ina Ake Farawa?

Maƙwabcina malami ne, yana koyar da yara karatun Alƙur'ani ta Zoom bayan sallar Isha'i. Wata rana da La'asar ya yi sallama a ƙofar gida, laftof a hammata, iyafis a naɗe a hannu. Ya ce, "Injiniya, yau kwana uku ina jin yaran rangaɗaɗau, su kuwa sai su ce bakina kawai suke gani yana motsi. Na kai wa mai gyara, ya ce sai an yi mata fomatin, a goge komai a sake ɗora Windows." Na ce, "Malam, a dakata da fomatin tukuna, bismillah mu zauna mu duba." Muka shimfiɗa tabarma a zaure. Kafin a kira Magariba ya kira ɗansa don gwaji, aka ji shi tar, kuma ba mu goge komai ba, ba mu sayi komai ba.

Abin da ke damuna da wannan matsala shi ne yadda ake saurin yanke mata hukunci mai tsada. Muryarka tana bin hanya ne kafin ta isa kunnen wanda kake magana da shi: ta fito daga makirfo, ta bi waya, ta shiga ramin da ke gefen laftof, direban sauti (wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti) ya karɓe ta, Windows ta ba ta izinin wucewa, sannan manhajar kira ta ɗauka. A ɗaya daga cikin waɗannan wurare ta maƙale. Aikinka ka bi hanyar daga waje zuwa ciki, ka taɓa abu ɗaya, ka gwada, sannan ka matsa gaba. Idan ka sauya abu biyar a lokaci guda, ko ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba, gobe idan ta dawo ka koma gidan jiya.

Ka tanadi ma'aunin gwaji tukuna

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta mmsys.cpl a akwatin da ya fito, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta buɗe, ka shiga shafin da aka rubuta Recording. A gefen kowane makirfo akwai wasu layuka da ke yin kore idan sauti ya shiga. Ka bar tagar nan a buɗe, da ita za mu riƙa auna komai.

Kada ka yi gwaji da "halo, halo". Laftof tana da nata makirfon a jikinta, galibi wasu 'yan ƙananan huji kusa da kyamara, kuma shi zai iya ɗaukar muryarka ka zaci iyafis ne ke aiki. Ka yi shiru, ka sosa makirfon iyafis da farce a hankali, ka kalli layukan. Sannan ka sosa kusa da kyamara. Wanda layukan suka yi tsalle dominsa, shi kwamfutar ke saurare.

Iyafis ɗin kansa

Sa shi a waya, ka ajiye wayar nesa da bakinka gwargwadon tsawon igiyar, ka naɗi saƙon murya a WhatsApp kana sosa makirfon. Idan ƙarar sosawar ba ta fito ba, babu ruwan laftof, iyafis ne ya mutu, kuma yawanci wayar ciki ce ke tsinkewa daidai wuyan fulogi inda ake yawan lanƙwasawa. Manyan hedifon masu sanda a gaban baki sukan zo da ɗan makunni a jikin igiya wanda ke rufe makirfo, wasu kuma ɗaga sandar sama shi ne rufewa. Idan sandar irin ta cirewa ce, ka tura ta har ta shige sarai.

Ƙirga zobban da ke bakin fulogi

Nan nake so ka nutsu, domin a nan mutane da yawa ke ɓata kwanaki suna neman gyara a cikin Windows alhali matsalar tana hannunsu.

Ɗaga bakin fulogin, wannan ƙarfe mai kaurin milimita 3.5, ka dube shi a haske. Za ka ga zobba na roba, baƙaƙe ko farare, sun raba ƙarfen gida-gida. Idan zobe 2 ne, ƙarfen ya rabu gida 3: kunnen hagu, kunnen dama, da wayar da suke tarayya a kanta. Babu gidan makirfo a nan, wannan na saurare ne kawai. Idan zobe 3 ne, gida 4 ke nan, na huɗun shi ne na makirfo. Masu sana'a na kiran na farko TRS, na biyu TRRS.

Yanzu juya laftof ka dubi gefenta. Idan rami ɗaya ne, kuma alamar da ke kusa da shi hedifon ne mai 'yar sanda ta nufo baki, ramin haɗaka ne, yana karɓar fulogi mai zobe 3. Idan ramuka biyu ne, kamar yadda yake a tsofaffin laftof da manyan kwamfutocin tebur, ɗaya na kunne ne, ɗaya na makirfo, sau da yawa na kunne kore, na makirfo ruwan hoda. Iyafis ɗin waya idan ka sa shi a ramin kunne na irin wannan kwamfuta za ka ji sauti lafiya lau, amma makirfo ba zai taɓa aiki ba, ko direba nawa ka sauke, domin ramin kunne ba shi da hanyar karɓar muryar makirfo.

Maganin wannan 'yar igiya ce mai raba hanya, wadda a kasuwa ake ce wa sifilita, kuma iri biyu ce. Mai iyafis ɗin waya da kwamfuta mai rami biyu, yana buƙatar mai rami ɗaya da fulogi biyu. Mai hedifon mai fulogi biyu da laftof mai rami ɗaya, yana buƙatar akasin haka: ramuka biyu, fulogi ɗaya mai zobe 3. Ka kula da kyau wajen saye, akwai wata mai kama da ita sak wadda aka yi don mutum biyu su saurari abu ɗaya. Ita fuloginta zobe 2 ne, kuma ramukanta ba su da alamar makirfo. Shawarata ka tafi shagon da laftof da iyafis, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Akwai wani ruɗani kuma ko a cikin masu zobe 3. Tsarin jera wayoyin iri biyu ne. A tsarin CTIA, wanda shi ne ya mamaye wayoyi da laftof na yanzu, makirfo yana gidan ƙarshe na wajen gindi. A tsarin OMTP, wanda tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson suka yi amfani da shi, an musanya gidan makirfo da na wayar tarayya. Alamar saɓanin a bayyane take: sauti ya riƙa fitowa siriri kamar daga cikin rijiya, muryar mai magana ta dusashe, amma da ka danne maɓallin amsa kira na jikin igiya sai ya washe. Idan ka ga haka, ko ka nemi 'yar adafta mai juya tsarin, ko ka canza iyafis, wanda shi ya fi sauƙi.

Sai ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a arewa ya san inda ƙura ba ta shiga ba ta ga hanya ba ne. Ita da zaren aljihun jaka sukan dunƙule a ƙarshen rami su hana fulogi kaiwa ƙarshe, kuma ratar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta sa kowane gida ya zauna a kan ƙarfen da ba nasa ba. Tura fulogin har ka ji ya yi ɗan ƙas, ka tabbata babu sauran ƙarfe a waje. Idan ya ƙi shigewa, kashe laftof, ka sa tsinken sakace na itace ka zaƙulo dattin a hankali. Ban da allura, ban da ruwa.

Makunni da izini

Dubi layin maɓallan sama na allon rubutu, ka nemi mai hoton makirfo da aka ja wa layi. A yawancin ThinkPad F4 ne, kuma yana da 'yar fitila. Idan tana ci, makirfo a rufe yake, kuma yaro ma na iya danna shi ba da sani ba. A wasu laftof sai ka haɗa da maɓallin Fn.

Daga nan danna Windows da harafin I, Settings ta buɗe. A Windows 11 ka shiga Privacy & security, ka gangara zuwa Microphone. A Windows 10 sunan wurin Privacy kawai. Makunnai uku ne a nan kuma dukkansu ake so a kunne: na farko yana ba kwamfutar gaba ɗaya izini, na biyu na manhajoji ne, na uku yana can ƙasa, shi ne mai maganar desktop apps. Wannan na ƙasan ake yawan mantawa, kuma a ƙarƙashinsa Zoom da Chrome da ire-irensu da aka sauke daga intanet suke. Tun sabuntawar watan Afrilun 2018 ta Windows 10 wannan saiti ya fara shafar har irin waɗannan manhajoji, shi ya sa mutum zai ga makirfonsa a jere lafiya amma babu manhajar da ke jin komai. Idan makunnan sun dusashe ba sa dannuwa, kuma an rubuta cewa wata ƙungiya ce ke kula da saitin, to kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, sai ka nemi mai kula da kwamfutocin wurin. Wasu manhajojin kariya daga bairos ma suna da nasu shingen na makirfo, ka leƙa can idan kana da irinsu.

Koma tagar Recording

Danna maɓallin dama na maus a wani fili cikin tagar, ka sa alama a Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Abubuwan da suka ɓuya za su bayyana. Microphone Array yawanci shi ne na jikin laftof. Na iyafis yakan zo da suna irin Headset Microphone, External Microphone ko Jack Mic. Cire fulogi ka mayar kana kallon tagar. Abu uku ne zai iya faruwa.

Idan sabon makirfo ya bayyana, an kusa gamawa. Danna dama a kansa, idan a kashe yake ka zaɓi Enable, sannan ka mai da shi Default Device, ka kuma mai da shi Default Communication Device, domin manhajojin kira da wannan na biyun suke yawan aiki. Shiga Properties, ka buɗe Levels, ka duba ko an sa wa 'yar lasifikar da ke gefe jan alama, ka ɗaga ƙarfin zuwa wajen 80. Microphone Boost kuwa ka fara da +10, domin idan ka kai shi +30 zai kwaso ƙarar fanka da janareton maƙwabta ya haɗa da muryarka. A shafin Advanced, cire alamar da ke ba manhaja ɗaya damar riƙe makirfo ita kaɗai.

Idan makirfo ɗaya ne tal a jerin kuma bai canza suna ba, kada ka tsorata, wasu laftof da suna ɗaya suke aiki, su juya da kansu. Gwajin farce zai gaya maka gaskiya.

Idan kuwa yana nan an rubuta masa Not plugged in alhali fulogi na ciki, ko sauti na fita a kunne amma farce ya nuna na jikin laftof ne ke ɗauka, to ka zo inda Malam ya maƙale.

Tambayar da kwamfuta ke yi, wadda ba a karantawa

Ramin haɗaka ba koyaushe yake iya rarrabe abin da aka cusa masa ba. Shi ya sa laftof da yawa, da ka sa fulogi, sai ƙaramin akwati ya fito yana tambayar me ka sa: Headphones, Headset, ko Mic in. Kalmomin biyu na farko sun yi kama, amma Headphones na nufin na saurare zalla, Headset shi ne mai makirfo. Idan ka zaɓi na farko, kwamfutar ba za ta aika wa makirfon 'yar wutar da yake buƙata ba, ba kuma za ta saurare shi ba. Abin da ya faru da Malam ke nan: akwatin ya fito yana gaggawar shiga aji, ya danna na farko, ya kuma sa alamar kada a sake tambayarsa. Da na nuna masa sai ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah, ashe da hannuna na rufe."

Gyaran yana cikin manhajar sauti da ta zo da kwamfutar. Danna Start ka rubuta Realtek. Idan Realtek Audio Console ta fito, shiga Device advanced settings, ka nemi Connector Retasking, ka mai da zaɓin zuwa Headset yayin da iyafis yake cikin ramin. A laftof ɗin Dell da yawa manhajar ita ce MaxxAudio Pro ta kamfanin Waves, kuma a cikin Advanced akwai inda ake dawo da akwatin tambayar. Wannan manhaja sai ta tashi tare da Windows take aiki, don haka danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba jerin Startup, ka tabbata ba a kashe ta ba. Masu son kwamfuta ta yi sauri sukan bi jerin nan su kashe komai, da ita a ciki. HP ma tana da tata manhajar sauti, sunan yana bambanta daga samfuri zuwa samfuri, ka rubuta Audio a Start ka ga abin da zai fito.

Idan manhajar ma babu ita

Mafi yawanmu laftof ta hannu muke saye, irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Kafin a sayar, akan ɗora musu sabuwar Windows, sai ta sa direban sauti na gama-gari. Lasifika za ta yi kiɗa, mai saye ya gamsu ya tafi, amma sashen da ke gane makirfon iyafis bai samu direbansa ba.

Danna dama a kan Start, ka buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Sound, video and game controllers. Idan abin da ka gani High Definition Audio Device ne kawai, babu sunan Realtek ko Conexant ko makamancinsu, direban gama-gari ne. Duba kuma ko akwai mai alamar rawaya a ko'ina cikin jerin, musamman Intel Smart Sound Technology a ƙarƙashin System devices, domin a sababbin laftof masu Intel makirfo ta hannunsa yake bi.

Direban gaskiya yana shafin kamfanin da ya ƙera laftof. Juya ta ka karanta takardar da ke ƙasa: Dell na da Service Tag, HP da Lenovo na da lambar siriyal. Sa lambar a shafin tallafinsu, ka zaɓi sashen Audio, ka sauke wanda ya dace da Windows ɗinka. Yakan kai ɗaruruwan megabayit, don haka ka tanadi data, ka kuma jona caja kafin ka fara. Bayan ya gama ka yi Restart, ba Shut down ba, domin a yadda Windows ke zuwa, Shut down yana adana wani ɓangare na halin da take ciki don ta tashi da sauri, Restart ne ke loda direbobi sabo fil. A kwamfutoci na baya-bayan nan manhajar Realtek ko ta Waves daga Microsoft Store take sauka bayan an sa direba, ka ba ta ɗan lokaci da intanet a kunne.

Idan jiya makirfo na aiki, yau bayan sabuntawa ya ɗauke, shiga Properties na direban, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver ya koma na da. Idan maɓallin ya dusashe, ka yi Uninstall device sannan Restart, Windows za ta sake ɗora shi. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ban yarda da su ba ko kaɗan: sukan ɗora direban da bai san yadda aka jera wayoyin ramin laftof ɗinka ba, ka fita daga ƙaramar matsala ka faɗa babba.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa a kwamfutocin da suka fito daga ofis. Wasu ma'aikatu sukan rufe makirfo tun daga BIOS, wato saitin kwamfutar na asali da ake shiga kafin Windows ta tashi, saboda tsaro, kuma fomatin ba ya taɓa wannan saiti. Kunna kwamfuta kana danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ka nemi sashen sauti. A Latitude da yawa za ka ga Enable Microphone a ƙarƙashin Audio. Sa masa alama, ka adana, ka fita. Kada ka taɓa abin da ba shi ka zo nema ba.

Manhajar kira

Idan layukan kore suna tsalle a tagar Recording amma har yanzu ba a jinka, saura manhajar kanta. Zoom da Teams kowace na da nata zaɓin makirfo, kuma takan riƙe wanda ta saba da shi. A Zoom shiga saitin Audio, ka zaɓi makirfon iyafis da sunansa, ka gwada shi a wurin. Idan Google Meet kake yi a Chrome, danna 'yar alamar da ke hagun adireshin shafin ka ba shi izinin makirfo. Ka saba da sa iyafis kafin ka buɗe manhaja, kuma ka rufe wata manhajar kira idan tana buɗe a baya.

Mai Bluetooth da mai USB

Bluetooth hanya biyu yake da ita: ɗaya ta kiɗa mai sauti garau amma babu makirfo, ɗaya ta kira mai makirfo amma sautinta bai kai na farko ba. A Windows 10 za ka ga iyafis ɗaya ya fito sau biyu, ɗaya Stereo, ɗaya Hands-Free. Don kira, Hands-Free za ka zaɓa a makirfo da lasifika duka. Windows 11 ta haɗe su tana juyawa da kanta. Saboda haka idan sauti ya ɗan dushe da zarar an fara kira, ba lalacewa ba ce. Ka kuma kashe Bluetooth na wayarka, kada ta riga laftof kama shi. Idan ya ƙi, cire shi daga jerin na'urori ka sake haɗawa daga farko.

Mai USB kuwa da nasa katin sauti yake zuwa, bai damu da ramin gefe ba. Canza masa rami, ka jona shi kai tsaye ba ta na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa ba, ka zaɓe shi a tagar Recording. Ga mai amfani da 'yar adaftar USB-C, wasu masu arha babu na'urar sarrafa sauti a cikinsu, don wasu wayoyi kaɗai aka yi su, laftof ba za ta gan su ba.

Idan ramin ne ya lalace

Ka gwada iyafis biyu masu lafiya, direba daidai, izini a buɗe, amma shiru. Riƙe fulogin ka ɗan juya shi kana kallon layukan. Idan suna zuwa suna ɗaukewa, ko fulogin na lilo a ciki, ƙarafan ramin sun saki ko dalmarsu ta tsage, abin da yawan fizgar igiya ke jawowa. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan katin sauti na USB, mai girman filashi, wanda ake samu a shagunan kayan waya da kwamfuta. Akwai mai rami biyu, akwai mai ramin haɗaka, ka zaɓi wanda ya dace da zobban fuloginka. Ba ya buƙatar direba na musamman, da ka jona shi zai fito a tagar Recording da sunansa.

Idan ka fi son a gyara ramin, ka gaya wa mai gyara duk abin da ka riga ka gwada, ka ce ramin sauti kake so a duba. A wasu laftof yana kan ƙaramin allo na daban da ake cirewa a sa wani, a wasu kuma yana manne da babban allo, sai an yi aikin dalma. Ka tambayi wanne ne naka da kuɗin aikin kafin a kwance ko noti ɗaya, ka kwashe muhimman fayilolinka a filashi, kuma ka tafi da iyafis ɗin don ka yi gwajin farce a shagon kafin ka karɓi kwamfutar.